Na je ƙirga na'urori a bencin mai gyara

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin ka rufa min asiri ka cire sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma mai zagi ya riƙe abinsa, na sha wanda ya ishe ni a watan nan.

Faifan gem nake sayarwa a kasuwar Malanbil, butik, wato shago, ɗaya muke da mijin yayata, shekara bakwai ke nan. Shi ne mai jari, ni ne mai ido. Na'urar gem iri biyu ce ke yawo a nan, mu dai fara da baƙa muke ce musu, kuma faifan wannan ba ya aiki a waccan. Shi ya sa kafin kowace salla ni nake ƙiyasta wacce ta fi yawa a hannun mutane, daga nan har Garu da Gaya, sai a yo odar kaya daga Kwatano a kan maganata. Ban taɓa kuskure ba, shi kuma bai taɓa ce min sannu ba.

Bana sai na ce me zai sa in yi ta yawo a rana ina leƙa gidajen gem. Akwai wani mutumin Gaya, can tsallaken kogi, da ke gyaran na'urorin nan a bayan layinmu, kowa wurinsa yake kai tasa. Na zauna a bencinsa sati biyu ina ƙirga abin da ake kawowa, cikin kowace goma takwas farare ne. Na ce shi ke nan, fara ta cinye kasuwa. Mai gyaran ya ce min, "Malam, kak ka yi hakanga. Hwara ita ka zuwa nan don ita ka mutuwa in wuta ta yi wasa. Baƙa ba ta zuwa asibiti." Na ce masa ya tsaya a kan gyaransa.

Salla ta zo, duk wanda ya shigo faifan baƙa yake tambaya, mu kuma mun cika shago da na fara. Da mijin yaya ya ji daga bencin mai gyara lissafin ya fito, sai ya tsaya a bakin butik gaban maƙwabta ya wanke ni tas, wai na je asibiti ƙidayar 'yan gari, wai dama albarkacin yayata nake ci. Wallahi raina ya ɓaci, mutumin da ko kunna na'urar bai iya ba. Cikin fushi na ce mai gyaran ne ya ba ni lissafin, da gangan, don ɗan uwansa mai shagon faifai a Gaya ya kwashe masu baƙa. Ƙarya ce, ban ma san ko yana da ɗan uwa mai shago ba.

Shi kuwa mijin yaya bakinsa ba ya riƙe ruwa, ya bi majalisa majalisa da maganar. Yanzu mutane sun kwashe na'urorinsu, bencin bawan Allahn nan babu kowa. Na ji ranar Lahadi in kasuwa ta tashi zai tsallake kogi ya koma gida.

In na faɗi gaskiya, na san mijin yaya, abin da yake jira ke nan tun tuni, zai karɓe odar kaya ya ba ƙanensa, in koma mai share ƙura a shagon da idona ya gina. Kuma zai yi ta yi min gori har a gaban yayata. Na tsani in ba shi wannan daɗin.

Jiya mai gyaran ya zo butik da tawa na'urar, fara, da na manta na kai masa. Na ɗauka tona ni zai yi. Ya ajiye ta a kan tebur ya ce, "Ta gyaru. Kak ka haɗa ta da wutar gari kai tsaye." Ya juya ya tafi.

Yau Alhamis. Jama'a in fasa ƙwan kafin Lahadi in sha wulaƙancin mijin yaya, ko in yi shiru in bar mutumin nan ya tsallaka da sunan maƙaryaci, alhali shi kaɗai ne ya gaya min gaskiya?