Littafinka da ƙashin jakin Mushe

Yaya Sani,

Ina gaisuwa. Ya jiki, ya iyali, ya Kano? Mu lafiya lau.

Ka san abin da littafin da ka aiko mini ya jawo? Bayan la'asar nakan karanta shafi ɗaya na Hausa da yara shida 'yan lakwal, wato makarantar boko ta Faransanci, in tambaye su me ya sa marubucin ya ɓoye sunan ɓarawon. Gardamar ta bi su har aji. Mushe, malaminsu, ya rataya wa ɗayansu, Habu, ƙashin jaki a wuya, hukuncin mai yin Hausa a lakwal. Yanzu biyu kaɗai ke zuwa.

A sa mu a addu'a, ka gaida Yaya Hajo. Ran kasuwa Mushe zai ba ni amsa gaban jama'a: yaron da ya gane littafi, jaki ne?

Ƙanenka,
Ila