Rasuwar Uwargida Sjoukje Hiemstra, Uwar Gonar Jinya ta Easterwier

Cikin alhini, da kuma ɓacin ran da ba za mu ɓoye wa kowa ba, Ƙungiyar Masu Jinya da Koyarwa da Dawaki da Lambu ta Lardin Friesland ta samu labarin rasuwar uwarta, wadda ta kafa ta, kuma Shugabarta ta farko, Uwargida Sjoukje Hiemstra, wadda ta cika a gidanta da ke ƙauyen Easterwier da safiyar Talata, tana da shekara sittin da bakwai, bayan ciwon zuciya da ta yi wata huɗu tana fama da shi.

Marigayiyar ta yi shekara goma sha huɗu tana aikin jinya a asibitin masu taɓin hankali kafin ta ajiye aikin ta koma gonar mahaifinta, inda ta fara da baƙaƙen dawaki biyu da kunya shida ta dankali, ta buɗe ƙofa ga mutanen da asibiti ya gama yi musu abin da zai iya. Tsofaffin da suka manta sunayen 'ya'yansu sun zo wurinta, hannuwansu suka tuna yadda ake tonon dankali. Tsofaffin sojojin da tsoro ya hana su shiga kasuwa sun koyi tsayuwa kusa da doki har numfashinsu ya daidaita. Da izinin iyalinsa muke ambaton Mista Harmen Bouma, tsohon direban babbar mota, wanda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana wata goma sha ɗaya, har ranar da wata goɗiya ta taka masa ƙafa a gonar, ya ɗura mata ashar. Uwargida Sjoukje ta rubuta ashar ɗin a littafin jinyarsa harafi da harafi, ta sa kwanan wata, ta kira matarsa a waya tana dariya tana kuka.

Mafi yawanmu a hannunta muka koyi wannan aiki. Ita ta tsara mana darussa da jarrabawa, ita ta hana kowa zuwa kusa da majinyaci sai ya yi shekara biyu a ƙarƙashin wani, kuma ba ta taɓa jin nauyin korar ɗalibin da ya ɗaga wa doki ko tsoho murya ba. Mai zafi ce, mun sha faɗanta, kuma da kyar za a samu ɗaya a cikinmu da bai ci miyar wakenta a tsaye cikin sanyin rumfar dawaki ba.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne ta mutu ba ta ga abin da ta yi shekara goma sha tara tana nema ba, wato a amince cewa wannan aiki sana'a ce mai ƙa'ida, a yi wa masu yinta rajista, domin a bambanta ƙwararre da duk wanda ya sayi doki ya kafa allo a bakin titi. Har ta bar duniya, takardun hukuma suna kiranta mai kiwon dabbobi. Sau shida kwamitin da ke duba maganar yana sa rana yana ɗagawa. A zama ɗaya tilo da aka saurare ta, wani mai girma ɗan kwamiti ya kira aikin wasan yara, ta dube shi ta ce: "Ranka ya daɗe, zo ka riƙe wa mai farfaɗiya linzami na minti goma, sannan ka gaya mini wane yaro ne zai iya." Bai zo ba, babu kuma ko ɗaya daga cikinsu da ya taɓa zuwa gonar, duk da gayyata goma sha ɗaya da muka aika. A watan Fabrairu, bayan likita ya hana ta tafiya, ta yi awa uku a jirgin ƙasa don halartar zaman kwamitin, ta tarar da takarda manne a ƙofa cewa an sake ɗage zaman. Ba mu ce wannan ne ajalinta ba. Amma mu muka tarbe ta a tasha, mun ga yadda ta sauko.

Kwana biyu bayan rasuwarta, furanni suka iso gidan makoki daga wani ofishin hukuma, kuma a rana guda wasiƙa ta iso daga wannan ofishin cewa tunda izinin gonar da sunanta yake, mutum ashirin da uku da ke zuwa jinya su dakata a ƙarshen wata. Furannin mun gode. Wasiƙar kuwa ba mu yarda da ita ba, kuma lauyar Ƙungiya ta riga ta ba da amsa.

A madadin Shugaba, Kwamitin Amintattu da ɗaukacin 'yan Ƙungiya, muna miƙa ta'aziyyarmu ga maigidanta, Mista Douwe Hiemstra, da 'ya'yanta Uwargida Rixt da Dakta Femke, da jikokinta huɗu, da kuma waɗannan mutum ashirin da uku da har yanzu wasunsu ke tambayar ina ta shiga. Allah ya jiƙanta, ya ba ta hutu, ya ba iyalinta ƙarfin zuciya da juriyar wannan babban rashi, mu kuma ya ba mu haƙurin da a yau muke ƙarancinsa.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar da ƙarfe sha ɗaya na safe a cocin Easterwier. Ranar Litinin da ƙarfe tara 'yarta Rixt za ta buɗe gonar kamar kullum, kuma 'yan Ƙungiya tara sun raba kwanakin mako a tsakaninsu. Duk wanda ke da niyyar rufe ta, sai ya zo da ƙafarsa ya faɗa wa mutanen da bakinsa.

Sa hannu:
Auke Terpstra
Kakakin Ƙungiya kuma Sakataren Yaɗa Labarai