Kunnena ya mutu, kuma da shi ake shiga rami

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a zage ni, zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

Ina zaune a Dubeli, amma aikina a ramin haƙar ma'adinai ne a kudancin jihar nan. Ni ke fara shiga kowace safiya da sandar ƙarfe, in ƙwanƙwasa rufin ramin. Dutse mai lafiya ƙara yake kamar ƙararrawa, wanda ya saki kuwa sai ka ji kamar ka bugi fasasshiyar ƙwarya. Sai na ce a shiga ake shiga. To lokacin da bam ya tashi a Jimeta ina kusa, kunnen hagu ya tafi tun ranar, na dama kuma bara ya fara bin sa. Matata kaɗai ta sani. Wa zai riƙe kurma a wannan aikin? Yara biyar, me zan ba su? Sai in buga, in karkata kai kamar ina saurare, in ce lafiya lau. Wallahi kunya nake ji ina rubuta wannan.

Watan jiya dutse ya ɓalle daidai inda na buga, ya karya wa Bitrus ƙafa, abokin aikina na shekara takwas. Oga ya fara min tambayoyi, Bitrus daga kwance ya tare shi: "Oga, ba laifinsa ba. In shi ya buga, ni ba na tsoro." Na yi shiru. Shiru fa!

Shekaranjiya ni da matata muka je duba shi a gidansa da ke unguwar Shagari Low Cost. Ya yi wata magana ƙasa-ƙasa, ban ji ba, na gyaɗa kai ina murmushi kamar yadda na saba. Muna shiga keke ta matso kunnena ta ce, "Baban Ummi, ka san me ka amsa? Ƙaninsa zai karɓi gurbinsa, ya ce ya ba ka amanarsa."

Litinin za mu koma ramin, ga damina, ƙasa ta jiƙe. Na kasa zama wuri ɗaya. In na faɗa, aiki ya tafi, kuma da wane ido zan kalli Bitrus? In na yi shiru, mutum goma sha biyu za su biyo ni ciki, har da amanar da na karɓa ban ji ba. Jama'a, me zan yi?