Bishiyar Mama da Kika Sa Aka Sare

Hlotse, 14 ga Oktoba

Zuwa ga Yayata Mookho,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Ubangiji Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya a Kimberley, Ya ba ki ƙarfin aikin asibiti. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi tun da sanyi ya tafi, Kaka Masechaba kuwa tana nan da faɗanta, ba ta da zance sai na bikinki na Disamba.

Yaya, kin san bakina nauyi gare shi, shi ya sa duk kiran da kika yi na ce a ce miki ina wanki. Ba wanki nake ba. Na kasa jin muryarki ne.

An sare moluoane, bishiyar Mama. Na dawo daga makaranta ran wata Laraba, tun daga kwana na hango tsakar gidanmu fayau, sai kututture. Ke kika riƙe reshen ranar da Mama ta soka shi a ƙasa bayan famfo, bai fi sandar kiwo ba. Da ta rasu, ke kika ce mini mu biyu ne uwarta yanzu. Kika tafi, na ci gaba. Bokiti biyu kowace safiya, ruwan wanke-wanke da yamma. Lokacin da ƙanƙara ke kwanciya na naɗe gindinta da tsohon bargona, na sha sanyi. Akuyar maƙwabta ma sai da muka yi shekara muna gaba. Shekara bakwai, har rassanta suka zubo ƙasa kamar kitson amarya, in na shige ciki da littafina ko Kaka ba ta ganina.

Da farko Kawu Tefo na zarga, don gatarinsa na gani. Sai ya ce in daina hararar sa kamar ya ci mini kaza, umarnin amarya ya bi. Wai ke kika bugo wa Baba kika ce rumfar baƙi ba za ta shiga ba sai an kawar da ita, kuma a yi ina makaranta don kada in yi kuka in hana. Ashe har ranar kika zaɓa.

Wannan ma da na haɗiye. Amma Kawu ya ƙara da cewa in kwantar da hankalina, yanzu angon cikin littafi ba sai ya sha wahalar ɗaga rassa ba, daga titi zai hango ni. Duk masu aikin shirin biki suka kwashe da dariya. Yaya, mutum ɗaya tak na taɓa faɗa wa wannan mafarkin a duniya, cewa wata rana wani ango irin na littafi zai ɗaga rassan ya same ni, kuma sai da kika rantse ba za ki faɗa wa kowa ba. A littattafan da nake karantawa, mai cin amana baƙuwa ce, tun shafi na uku ake gane ta. Ban taɓa karanta wanda yayar mutum ce ba.

Ga abin da ba ki sani ba. Kawu ya ƙi jira itacen ya bushe. Ya yanka manyan rassan ɗanyu, ya kafa su shinge kewaye da inda mata za su dafa tuwon masara da nama, daidai inda ruwan famfo ke malala. Da aka yi ruwan farko, sai na ga wani ɗan kore a jikin turke ɗaya. Yau na ƙirga, goma sha ɗaya sun tsiro. Kaka ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce uwarmu dama ba ta taɓa barin gida don an ce ta matsa ba, kuma duk wanda ya taɓa su da ita zai yi.

Zan yi miki ƙawar amarya, zan riƙe miki jelar riga, ba zan kunyata ki ba. Na ma fara ba turakun ruwa, ko da yake bokiti biyu ba ya isa yanzu. Amma akwai wani abu da ya faru da ni a ɗakin karatu makon jiya, irin wanda da ke zan fara faɗa wa. Na faɗa wa turke na uku daga famfo.

Ki gaida angonki Sekhonyana, da Goggo Limakatso da yaranta. Baba da Kaka suna gaishe ki.

Ƙanwarki,
Mpinane