Rubutun Fensir a Gefen Littattafaina

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, zargi ya hana ni sakat.

Ni tela ce a Sabon Gari, da aurena da yara biyu, boko kuwa iyakata sakandare. Shekara biyu ke nan na kamu da karatun tsofaffin littattafan Turawa, masu kaurin nan da 'yan jami'a ke kuka da su, ba malami, daga ni sai ƙamus. Wajen wani mai baza gwanjon littattafai a Samaru nake saye. Da farko na sha wuya, sai in cinye shafi goma ban san wa ya mutu wa ya yi aure ba. Sai mutumin ya fara ajiye mini masu rubutun fensir a gefe, wai na wani lakcara ne da ya rasu, iyalinsa suka sayar. Wallahi duk inda na cije sai in tarar an warware mini, wani wurin har da Hausa. Har addu'a nake yi wa mamacin.

Ƙawata Rifkatu ce ta tsira mini shakka. Ta ce wane irin mamaci ne fensirinsa ke kama yatsa in an shafa? Na ce ta cika sa ido, muka kwana biyu ba ma ga maciji. To, makon jiya na yi wa mai littattafan ƙorafin ban gane abin da ya sa wata a labarin da nake karantawa ta ƙi auren mai kuɗi ba. Da na karɓi kashi na biyu, ga amsar tambayata a shafin farko, har da misalin farke ɗinki a sake. Yaushe marigayi ya san ni tela ce?

Mai littattafan nan bai taɓa gaya mini maganar banza ba, ko ido ba ya haɗawa da ni, wannan ma ya fi ba ni tsoro. Maigidana bai sani ba, in ya ji, ni da Samaru har abada. Na gwada wani littafi marar rubutun fensir, ko babi ɗaya na kasa kaiwa, har na yi hawaye.

Ku gaya mini gaskiya, taimako ne ko tarko? In tunkare shi, in faɗa wa mijina, ko in yi shiru? Don ni yanzu in na buɗe littafi, gefen nake fara dubawa.