Ajina a Hannun Malam Tukur

Litinin, 3 ga Maris, 1975
Alli ya sake faɗuwa daga hannuna a gaban 'yan aji bakwai. Da na ɗaga hannun dama sai yatsu biyu na ƙarshe su mutu, hannun ya yi sanyi kamar na tsoma shi a randa. Likitan Kano ya ce haƙarƙari ne na ƙari a gindin wuyana, yana danne jijiya. Sai an cire. Shekara talatin da huɗu ina yawo da shi ban sani ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Hedimasta ya ba Malam Tukur ajina. Bara-bara ya fito daga kwalejin horon malamai. Yaran da na raina tun aji biyar, ga jarrabawar shiga sakandare ta matso. Na miƙa masa littafin shirin darasi, ya rusuna ya ce, "Amana ce, Malam Shu'ibu. Allah Ya ba da lafiya." Rubutunsa a allo kamar na ɗab'i. Ban sami kuskure ba, kuma na duba sosai.

Asabar, 15 ga Maris
An hana ni hawa keke, an hana ni ɗaukar ko bokiti. Iya ta karɓo mini rubutu wajen Malam Bakari, na sha. Jiya na bi ta bayan makaranta, wai za ni bakin kogi sayen kifi. Ina jin yaran ta taga suna ta dariya. Ni a wurina ba su taɓa irin wannan dariyar ba. Na koma gida ba kifi. Matata Hajo ta dube ni, ba ta tambaya ba.

Talata, 25 ga Maris, Kano
Gobe da safe ne aikin. Na yafe wa kowa. Kusan kowa.

Lahadi, 30 ga Maris
Da hagu nake rubutu. An cire. Zafi har cikin numfashi. Amma yatsun da ɗumi.

Laraba, 9 ga Afrilu
Gida. Likitoci sun ce kullum in fuskanci bango in riƙa hawa da yatsu sama-sama. Yau iyakata kafaɗa, sai da na yi gumi.
Hajo tana shafa mini mai ta saki zancen. Ashe da asibiti suka nemi a ajiye jini, na Yaya Ja'afaru bai dace ba. Tukur ne ya hau jirgin ƙasa daga tashar Malam Madori ran Asabar, ya bayar, ya juyo. "Ya roƙe ni kada in faɗa maka," in ji ta.
Duk faɗin Haɗeja a rasa jinin da za a sa mini sai nasa.

Jumma'a, 2 ga Mayu
Tukur ya zo gaishe ni da tumatir daga fadamar babansa. Ya tambaye ni yadda nake koyar da lissafin rabawa mai tsawo, wai yaran sun ce tawa hanyar ta fi shiga. Ko gaskiya ne, ko lallashi. Na nuna masa dai, a ƙasa, da tsinke. Ban yi maganar jinin ba. Shi ma.

Litinin, 14 ga Yuli
Sakamako ya fito. Goma sha huɗu sun ci. Ni ban taɓa wuce tara ba. A ƙofar masallaci kowa hannun Tukur yake nema. Ya ce da su, "Ginin Malam Shu'ibu ne, ni yaɓe kawai na yi." Da ya yi alfahari da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 24 ga Yuli
Takarda ta zo, za a mai da Tukur makarantar Guri, ajin ya dawo wurina. Abin da na yi wata huɗu ina roƙo ke nan.
Bayan an tashi makaranta na shiga ofishin hedimasta. Na ce hannuna bai gama warwarewa ba, a bar yaron ya ƙara shekara mu raba darussa. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya ce zai rubuta wa hukumar ilimi.
Hannun lafiyarsa ƙalau. Da shi na rubuta wannan.