Gefe na Huɗu na Bargon Mma

Zuwa ga Yaya Safiatu,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Abdul-Manan da yara. Allah ya sassauta muku sanyin Italiya, ya kawo ƙarshen maganar takardunki. Mu nan Zongo muna nan yadda kika sani. Mma tana ɗan cin abinci, amma tun da ɓarin jikinta ya shanye hannun dama bai sake motsi ba, magana ma sai an kasa kunne.

Abin da ya sa na rubuto, bargon nan ne da take haɗawa da guntayen yayi, wato atamfofin ankon bukukuwan gidanmu. Kin san Mma ba ta yarda a naɗe bakin bargo da wani ƙyalle, wai yana cinye atamfar gefe. Ita sai ta ɗinka ƙyallen ta fuska, ta juya shi baya gaba ɗaya, ta kalmashe da hannu, adon ya kai har baki. Ta gama gefe uku ciwon ya same ta. Na huɗun yana nan a buɗe, kuma layinsa na ƙarshe yayin aurenki ne, shuɗin nan, faɗinsa bai wuce yatsu biyu ba.

Wallahi na gwada, Yaya. Kin san ni da allura, ko maɓalli na ɗinka sai ya kalli gabas. In na juya kusurwa sai ta dunƙule kamar ƙullin goro, in na warware kuma shuɗin ya ƙara zarewa. Ɗan'uwanmu Shakiru, da yake komai a wurinsa gaggawa ne, ya ce a kai wa tela a kasuwar Kejetia ya naɗe da keken ɗinki a huta. Da Mma ta ji, ta danne bargon da hannun hagu tana hawaye, ba wanda ya sake tayar da zancen. Ta ƙi a ɗauke shi daga jikinta, yini take tana murza gefen, zare yana fita ina kallo. Ke kaɗai kika zauna kika koya a wurinta, kuma na san in kika fito daga Italiya ba takardu, ba ki da hanyar komawa. Ban ce ki zo ba. Na dai rasa wanda zan gaya wa.

Jiya bayan la'asar ta jawo hannuna ta ɗora a gefen, ta kira ni Safiatu, ta ce in ƙarasa mata. Na rasa abin yi, na amsa mata da sunanki, na ce to. Ta yi murmushi, yau kuma tun safe take bin hannuna da ido.

Ki gaida Abdul-Manan da ƙaramin Abdul-Latif. Shakiru da matan gida suna gaishe ki. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Mamunatu